Hukuncin Buga Misali da Batir, Kyamara da Wutar Lantarki Wajen Karantar da Addini

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, da safe ina koyar da kimiyya a sakandare, da yamma kuma ina karantar da yara a Islamiyya. Nakan ce musu imani kamar batirin waya ne, yana cika yana sauka. Mala'iku masu rubuta ayyuka kamar kyamarar tsaro. Allah kuma ba a ganinSa amma ana ganin tasirinSa, kamar wutar lantarki. Wani dattijo a cikin malamanmu ya ce in daina, wai ina cakuɗa addini da boko. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, shi ma dattijon Allah ya saka masa. Misalanka biyu na farko sun halatta, na ukun kuwa sai ka gyara shi kafin ka sake faɗinsa a gaban yara.

Ɗauko misali daga wani fage don a fahimtar da wani fagen hanya ce ta Alƙur'ani. Allah ya kwatanta mai ciyarwa saboda Shi da ƙwaya guda da ta fitar da zangarniya bakwai, kowace da ƙwaya ɗari (Baƙara, 261), manomi kuwa ba ya buƙatar sharhi a nan. Ya kwatanta masu riƙon wasu majiɓinta ban da Shi da gizo-gizo da gidansa (Ankabut, 41). Ya kuma ce ba Ya jin kunyar buga misali ko da da sauro ne (Baƙara, 26). To in sauro bai yi ƙanƙanta ba, batir ma bai yi ba.

Hadisin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne na Abu Huraira a Bukhari da Muslim. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) hankalinsa a tashe, matarsa ta haifi yaro baƙi, yana neman ya ce ɗan ba nasa ba ne. Annabi ya tambaye shi: kana da raƙuma? Ya ce e. Wane launi? Ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina ya samo launin? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Annabi ya ce ɗanka ma wataƙila haka ne. Dubi yadda aka shiga garken makiyayi aka ɗauko abin da ya sani kamar tafin hannunsa, aka warware masa mas'alar nasaba, aka tsare mutuncin mace da ɗanta. Kai da kake koyar da yadda ake gadon kamanni, ka fi kowa sanin nauyin wannan amsa. Yaran yau waya suka sani kamar yadda mutumin nan ya san raƙuma.

Sai dai kowane misali yana da inda ya tsaya, kuma wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibi wurin. Imani yana ƙaruwa da ƙaruwar ayyuka yana raguwa da raguwarsu, haka Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala da muke karantawa a zaure, batir kuma ya nuna wannan da kyau. Amma batir yana nuna lamba a fuskar waya, imani kuwa babu mai auna nasa ya ce ya kai ɗari bisa ɗari, balle ya auna na wani. Kyamara tana da lungun da ba ta hangowa, tana lalacewa, hoto kawai take ɗauka, alhali ya tabbata cewa wanda ya yi niyyar alheri bai samu aikatawa ba ana rubuta masa lada. Jumla ɗaya ta isa ka faɗi wannan, amma kada ka bar ta.

Misali na uku kuwa ya taɓa zatin Allah, kuma an rufe wannan ƙofa da nassi: "Kada ku buga wa Allah misalai" (Nahl, 74), kuma "babu wani abu da ya yi kama da Shi" (Shura, 11). Na san niyyarka kyakkyawa ce. Amma yaro ɗan shekara 9 ba ya riƙe niyyar malami, hoton da aka zana masa yake riƙewa. Lantarki halitta ce, tana bin waya, ana auna ta da mita, ana ɗauke ta a dawo da ita. Yaron zai iya tashi da tunanin cewa Allah wani ƙarfi ne mai gudana a cikin abubuwa, cire wannan daga zuciya kuma ya fi dasa shi wuya nesa ba kusa ba.

Gyaran mai sauƙi ne. Ka karkatar da misalin zuwa ga da'awar mai musu. Ka ce: wanda ya ce duk abin da ido bai gani ba babu shi, ya yi kuskure, domin ga lantarki, ga iska, ga ransa da ke jikinsa, bai gan su ba kuma bai musa su ba, Allah kuwa ba Ya kama da ko ɗaya a cikinsu. Haka malamai suka fahimci hadisin Jarir cewa muminai za su ga Ubangijinsu kamar yadda suke ganin wata daren cikarsa: an kamanta gani da gani wajen tabbas da rashin turereniya, ba a kamanta Allah da wata ba.

Akwai wani abu da nake zaton shi dattijon yake tsoro, kuma yana da gaskiya. Misali yana fahimtarwa, amma ba ya kafa hukunci. Ƙiyasi, wato auna sabuwar mas'ala da wadda aka san hukuncinta, da ake kafa hukunci da shi yana da rukunai huɗu: asali mai nassi, reshe, hukunci, da illa, wato dalilin hukuncin da ya haɗa su, kuma aikin masana usulu ne. Kamanni na zahiri bai isa ba. Waɗanda suka ce ciniki ai kamar riba (kuɗin ruwa) yake, Allah ya mayar musu da martani a Baƙara, 275. Irin maganarsu ce ake ji yau idan wani ya ce kuɗin ruwa kamar kuɗin hayar gida ne, alhali gidan haya yana nan mallakar mai shi, shi ke ɗaukar asararsa in ya rushe, bashi kuwa yana kan wuyan mai karɓa ko ya ci riba ko ya faɗi. Don haka ka fara kawo aya ko hadisi, sannan misali ya biyo baya.

Shi kuma dattijon, ka same shi kai kaɗai ba a gaban ɗalibai ba, ka ce masa ka janye na lantarki, ka karanta masa hadisin raƙuma, ka roƙe shi ya riƙa duba maka sababbin misalanka kafin ka kai su aji.

Allah ne Mafi sani.