Kuɗin Kwarantin: Amsar Tambayar Da Ka Yi Mini A Bakin Sito

Ɗana, jiya muna tsaye a Dawanau ana loda riɗi ka ce mini: "Maigida, me ya sa za mu ɓata kwana biyu wajen cike fom da ciro lamba da bin layin banki saboda kuɗin kwarantin, alhali ga wani can ya ce a ba shi kuɗin a hannu, kafin la'asar ya kawo mana takardar?" Na ce ka bari sai na zauna, don wannan ba maganar tsaye ba ce. Ban ji haushin tambayar ba. Kai ne ka yi zaman bankin, kai ne aka mayar sau biyu saboda harafi ɗaya, dole ka tambaya.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, kuɗin nan ba kuɗin takarda ba ne, kuɗin dubawa ne. Hukumar kwarantin ta kayan gona, wadda ake kira NAQS, aikinta ta tsare ƙwaro da cuta kada su shigo ƙasar nan ta cikin tsiro ko dabba ko kifi, kada kuma su fita daga nan zuwa ƙasar wani. A 2018 aka sa hannu a kan dokar da ta tsayar da ita da ƙafarta. Takardar da take bayarwa in kaya za su fita, wadda mu 'yan sana'a muke ce wa faito, shaida ce cewa jami'i ya zo, ya buɗe buhu, ya ɗebi samfur, ya ga babu ƙwaron da ƙasar mai saye take tsoro. Tsarin takardar ma ba Najeriya ce ta ƙirƙiro shi ba. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, wadda ke ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ya sa jami'in da ke tashar ruwa a Turkiyya ko Japan, da ya riƙe ta, ya san gurbin da zai kai idonsa. Mai ce maka zai kawo faito kafin la'asar, a kan kayan da ba wanda ya leƙa, shaidar zur yake tallata maka.

To yanzu ga hanyar kuɗin, ka bi ta a hankali. Za ka shigar da takardar neman dubawa da sunan mai kaya, ka faɗi irin kayan da yawansu da inda suke da ƙasar da za su. A kan wannan za a yanka maka abin da za ka biya, bisa jadawalin hukuma, domin kuɗin ya danganta da irin kaya da yawansa da aikin da za a yi. Daga nan sai ka shiga Remita, shafin intanet na biyan kuɗin gwamnati, ka zaɓi sunan hukumar da irin aikin, a fitar maka da lambar biya mai alƙaluma 12, wadda ake ce wa RRR. Da ita za ka biya, ko a kanta a banki ko ta waya. Tun 2015, lokacin da gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya na TSA, kuɗin hukumominta a Babban Banki suke sauka, ba a aljihun tebur ɗin wani ba. Ka kai rasit, su duba lambar a kwamfutarsu su ga kuɗi ya shiga, sannan a sa ranar dubawa.

Wannan lamba mai alƙaluma 12 ita ce igiyar da ta ɗaure kuɗinka da kayanka. Ko bayan shekara uku aka tashi rigima, ka faɗi lambar za a ga wanda ya biya, nawa ya biya, ranar da ya biya, da aikin da ya biya wa. Kuɗin hannu ba shi da wannan igiyar. Ranar da abu ya ɓaci, wanda ya karɓa zai ce bai taɓa ganinka ba, kuma ba ka da abin nunawa.

Harafin da aka mayar da kai saboda shi, bari in tsaya a kansa, don a nan yawancin yara suke faɗuwa. Sunan da ke kan rasit dole ya zama sunan kamfanin da ke fitar da kayan, kamar yadda yake a takardar rajistarsa ta hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, da kuma fom ɗin fitar da kaya na NXP da bankinsa ya buɗe. Ba sunanka ba, ba sunana ba, ba laƙabin da ake kiran Alhaji da shi a kasuwa ba. Haka nauyi da adadin buhu. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. In ka rubuta 380 a takardar nema, akawun sito ya rubuta 385 a jerin kaya, kamfanin jirgi ya rubuta wani abu dabam a takardar lodi, to ka haɗa wa kanka faɗa a ƙasar da ba ka jin yarenta. Ni kafin in bar yaro ya danna biya, sai na shimfiɗa takardun da ke hannu a kan tebur, na ɗora rula a kan layi, na bi da yatsa: suna, adireshi, nauyi, adadin buhu. Minti goma ne. Kuɗin da ka tura da kuskuren suna ko ga hukumar da ba ita ba, dawo da shi daga asusun gwamnati aikin watanni ne.

Kada kuma ka cakuɗa kuɗaɗen. Na kwarantin dabam. Na hukumar duba ingancin amfanin gona ta tarayya, masu duba kyau da nauyi, dabam. Harajin NESS, na sa ido a kan kayan da ake fitarwa, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan da ba man fetur ba, shi ma dabam, ta banki yake bi. Kowanne da rasit ɗinsa. Na san ana ƙorafin cewa hukumomin sun yi yawa a kan buhu ɗaya, ni ma ina cikin masu ƙorafin, kuma ina faɗa a duk taron da aka kira mu. Amma gyaran wannan a wajen masu doka yake, ba a bakin sito ba.

Ka san dalilin da ya sa na kafe a kan wannan? Ina da kamar shekarunka na yi abin da kake tambaya. Zoɓo ne, kwantena ɗaya, jirgi na shirin tashi, mai kaya na kira na kowace awa. Wani da ke yawo a bakin ofisoshi ya ce in kawo kuɗi. Na ba shi, ya kawo takarda mai hatimi da sa hannu, kyakkyawa, har na yi masa godiya. Kaya suka isa, jami'an can suka ga abin da bai kwanta musu ba, suka tuntuɓi gida a kan lambar takardar, aka ce babu ita a littafi. Aka riƙe kwantena, kuɗin jinkiri yana hawa kullum da dala. Mai kayan dattijo ne da ya riƙe ni kamar ɗa. Ya zo ofishinmu, ya zauna a kan benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce in ba shi rasit kawai ya kai ƙara. Ba ni da shi. Filin da na fara saya na sayar na rage masa asara, kuma bai sake ba ni aiki ba har ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na wuce layin shagonsa sai na ji abin a ƙirjina.

Kuma asarar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda an yi ta samun maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Aka ce na shekara ɗaya ne, sai aka yi ta ƙara wa'adi. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓonmu, ta dakatar da karɓarsa bayan an tarar da ƙwaron hatsi a cikin kaya, aka yi shekaru ƙofa a rufe. Ka tambayi manoman Jigawa yadda farashi ya zube a lokacin. Matar da ke tsinke zoɓo a ƙauye ba ta san wani abu wai shi faito ba, amma ita ta biya kuɗin sakacin waɗanda suka loda kaya ba dubawa. Kifi ɗaya ne ke ɓata ruwa.

Ranar dubawa kada ka aika wani, ka tsaya da kanka. Ka bar jami'i ya zaɓi buhun da yake so, har na can ƙasan tari da na jikin bango, don nan ƙwaro ke ɓuya. In an ce a turara kaya, ka tabbata an rufe tamfol ruf, an bar ƙwayar maganin ta cika kwanakinta. Kwana ɗaya ko biyu ba ya kashe ƙwan ƙwaro, sai ya ƙyanƙyashe a teku. Akwai gurbi a jikin faito da ake rubuta ranar turarawa da sunan magani da yawansa da tsawon lokaci, abin da aka yi shi za a rubuta. Ka duba sunan kimiyya na kayan, zoɓo Hibiscus sabdariffa ne, riɗi Sesamum indicum. In akwai katakon da aka ɗora kaya a kai, ka nemi tambarin da aka ƙona a jikinsa mai nuna an gasa shi ko an turara. Ka kuma lura da kwanan wata, don Turai ba ta karɓar faiton da aka bayar fiye da kwana 14 kafin kaya su bar ƙasa. Saboda haka ba a gaggawar karɓarta tun jirgi bai kusa ba, ba a kuma barinta sai daren tashi.

Dabarar kwana biyun da kake kuka da su ita ce ka daina jiran a gama lodi. Da zarar mai kaya ya tabbatar da nauyi, ka ciro lamba ka biya ta waya, ana tankaɗe riɗi ana ɗinke buhu kai kuma rasit ɗinka na hannu. Ka buga shi kwafi uku, ɗaya na hukuma, ɗaya na mai kaya, ɗaya a fayil ɗinmu, ka ɗauki hotonsa ka turo mini.

Gobe da safe ka zo da takardun kwantenar citta ta ranar Alhamis. Rular tana cikin aljihun teburina na dama. Wannan karon kai za ka bi layukan da yatsa, ni zan zauna a gefe in saurare ka.