Amsa: Kyamarar PTZ don harabar shago a Sabon Gari

Malam, kyamara mai juyawa da kake tambaya a kai don harabar shagonka, wato PTZ, gefe ɗaya take kallo a lokaci guda. Idan ta juya wajen titi, ƙofarka ta zama babu mai gadi, don haka ka haɗa ta da ƙaramar kyamara kafaffiya, wadda ba ta juyawa, a bakin ƙofa.

Wajen saye, nemi mai zuƙowar gilashi 20x ko 25x, wato wadda gilashinta da kansa ke jawo abu kusa sau 20 ko 25. Zuƙowar dijital buɗa hoto kawai take yi, fuska ta dagule. Kuma ta kasance IP66, wato mai jikin da ke hana ƙura da ruwa shiga, saboda ƙurar hunturun Zariya da ruwan damina.

Kafa ta a bangon siminti, tsayin mita 3.5 zuwa 4. Siririyar sandar ƙarfe tana rawa da iska, in ka zuƙo sai hoton ya yi ta karkarwa. Waya kuwa ka sa wayar sadarwa ta Cat6, ta jan ƙarfe zalla, kada ta wuce mita 100. Wuta kuwa PoE+ mai wat 30, wato wutar da ke bi ta cikin wayar Cat6 ɗin zuwa kyamarar. PoE na wat 15 yakan gaza da dare idan fitilun infrared, wato na ganin dare, sun kama, kyamarar ta riƙa mutuwa tana tashi. Lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga jikinta don ruwa ya ɗige, sannan ka ɗora komai a kan inbata.