Shin ƙwayar da na ware Bt ce, ko kuwa guba muke fesawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta ilimin ƙananan halittu, yanzu kuma ina taimaka wa wata ƙungiyar manoman rani a yankin Kura. Na ware wata bakteriya daga matacciyar tsutsa, gwaje-gwajen tantance ƙwayoyi na Gram da na katalas da na VP duk suka nuna eh, ba ta sarrafa manitol ba, ta kuma yi farin da'ira a kan abincin gwaiduwar ƙwai. Na ɗauka Bacillus thuringiensis (Bt) ce, wato bakteriyar da ake kashe tsutsar amfanin gona da ita, muka riƙa yawaita ta a duro da ruwan shinkafa da sukari muna fesa wa kabeji da tumatir. Tsutsar ba ta mutu ba, kuma biyu daga cikin masu feshin sun yi amai da gudawa. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, a dakatar da feshin nan yau, kada kuma a zubar da abin da ke cikin duron kusa da rijiya ko hanyar ruwan ban-ruwa. Waɗanda suka yi rashin lafiya su ga likita, a gaya masa abin da suka taɓa.

Gwaje-gwajen da ka lissafa daidai suke, amma iyakar abin da suka tabbatar shi ne ƙwayarka ’yar gidan Bacillus cereus ce. Bt da B. cereus amsa ɗaya suke bayarwa a duk waɗannan gwaje-gwaje, dukansu suna motsi, dukansu suna fasa jini a faranti. A gidan nan ne kuma B. anthracis take, mai kawo cutar saifa ga dabbobi, sai dai ita ba ta motsi ba ta kuma fasa jini, gwaji biyu da ban ga ka ambata ba. Abin da ya ware Bt shi ne ƙwalƙwalin furotin, wato ɗan dunƙulen guba mai kashe tsutsa, da take ajiyewa a gefen ƙwanta (spore). Ka bar farantin kwana uku zuwa biyar har ƙwayoyin su fashe, ka rina da shuɗin Coomassie, ka duba da madubin likita mai ruwan tabarau na mai. Idan Bt ce irin kurstaki mai kashe tsutsar ganye, za ka ga ’yan duwatsu masu tsini biyu a warwatse tsakanin ƙwayayen. Idan babu su, ba ka da maganin tsutsa. Tabbaci na ƙarshe kuwa sai gwajin PCR, wato na binciken DNA, don gano ƙwayoyin gadon cry masu ɗauke da umarnin yin wannan furotin.

To, yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan al'ada ta yawaita Bt a duro. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan labari, saboda wasu masu da'awar horar da manoma suna yawo ƙauye-ƙauye suna karɓar kuɗi, suna cewa tunda abin halitta ne ba sinadari ba, to ba ya cutarwa, kuma ana iya ɗiban cokali ɗaya a mayar da shi duro guda kamar yadda ake ɗura nono. Wannan magana ƙarya ce. Duron da ba a kashe ƙwayoyin cikinsa da tururi mai matsi ba, wanda aka cika da ruwan rafi aka bari a rana, ba ya zaɓen wanda zai ciyar. Duk ƙwayar da ta fi saurin hayayyafa ita ce ke cinye abincin, har da masu fitowa daga bayan gida. Abin takaici ma, dafaffiyar shinkafa ita ce abincin da B. cereus ta yi suna a kansa, inda take yin gubar da ke sa amai, wadda tafasawa ba ta lalata ta. Sannan ko da Bt ta gaske aka zuba tun farko, umarnin yin ƙwalƙwalin yana kan filasmid ne, wato ɗan guntun DNA da ke zaman kansa a cikin ƙwayar, kuma yawan dashe da zafi mai yawa kan sa ta yar da shi, sai ta koma ba ta da maraba da B. cereus. Wannan ruwa mai wari ake fesawa a kan kabejin da za a yanka ɗanye a ci da ƙuli. Tun 1938 aka fara sayar da Bt a Faransa, kuma amincin da aka san ta da shi ya tsaya ne a kan zaɓaɓɓun iri da ake nomawa a tsaftatattun tankuna ana gwada kowane zubi.

Ku sayi maganin Bt wanda ke da lambar rajistar NAFDAC, a duba cewa an rubuta kurstaki ko aizawai, domin israelensis na sauro ne da ƙudan da ke kawo makanta. A yi feshi da yamma saboda hasken rana yana lalata furotin ɗin, a kuma sami tsutsar tun tana ƙarama tana cin ganye, domin sai ta haɗiye shi ya narke a hanjinta kafin ta daina ci ta mutu cikin kwana biyu ko uku. Ƙwayar taka kuma ka rufe farantin ka kai ta ɗakin gwaje-gwajen jami'a, kada ka sake dasa ta a gida.