Zan kafa dogon ƙarfen eriya a gida saboda sabis, ya dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon POS a ƙofar gidana, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori. Sai na hau katanga nake samun sabis. Mai walda ya ce zai haɗa mini ƙarfe mai tsawon mita 12 in ɗora eriyar rauta (na'urar da ke kamo sabis ta raba intanet) a kai. In yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin ka ba mai walda ko sisi, fara da awo. A wayar Android shiga Settings, sai About phone, sai SIM status, za ka ga ƙarfin sabis a lamba, da dBm (ma'aunin ƙarfin sigina) a gabanta. A 4G, idan ta nuna wajen -80 sabis ya yi kyau, idan ta kai -110 to da ƙyar ake kamawa. Auna a tsakar gida, auna a kan katanga, sannan ka hau tsani daidai kwano ka sake aunawa. Sau da yawa abin da ya tare ka bai wuce ginin maƙwabci ko darbejiyar bayan gida ba, musamman idan ganye ya jiƙe da damina. In dai a mita 6 lambar ta gyaru, sauran tsawon asarar kuɗi ne, kuma ƙarin haɗari.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Wayar da ke saukowa daga eriya zuwa rauta tana shan sigina a hanya. Siririyar nan RG58 da ta cika kasuwa, mita 10 nata kan cinye fiye da rabin abin da eriya ta kamo. Ko dai ka nemi mai kauri irin LMR-400, ko kuma, wanda ni na fi so, ka sayi rautar da aka yi don zaman waje, mai eriya a jikinta. Ita ake ɗaurewa a sama, wayar intanet guda ɗaya ta kai mata wuta ta kuma sauko da sabis, kuma wannan waya tana iya tafiyar mita 100 ba matsala.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Don Allah ka dubi inda wayar lantarki ta bi. Manyan layukan da ke ratsa ƙauyuka suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kuma ba sai ƙarfe ya taɓa su ba, kusantowa kawai ta isa wuta ta tsallako. Nisan gindin ƙarfenka da kowace wayar wuta ya kai ninki biyu na tsawonsa, yadda ko ya faɗi ba zai kai gare ta ba. Idan filin bai ba da haka ba, a haƙura da wurin. Ranar ɗagawa kuwa a samu ƙarti aƙalla huɗu, a kori yara daga tsakar gida, kuma kada a taɓa shi in akwai hadari.

Gindi a zuba shi cikin kankare, kada a jingina shi da katangar ƙasa. A ɗaure shi da wayoyin ƙarfe uku ta ɓangare uku, a maimaita ɗaurin kusan duk bayan mita 3, domin iskar farkon damina da ke yaye kwano ba za ta raga masa ba. Sai maganar tsawa: a kafa sandar jan ƙarfe mai kusan mita 2 a ƙasa, a haɗa ta da ƙarfen da waya mai kauri. Duk da haka, da ka ga hadari ya haɗo, zare wayar daga na'urorin ɗaki.

Tambaya: Wani ya ce in sayi busta kawai, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, ta fi sauƙi.

Amsa: Ban ba ka shawara ba. Hukumar sadarwa ta NCC ta hana amfani da bustar da ba kamfanin layi ne ya saka ba, domin tana dagula sabis ɗin duk unguwa. Eriyar rauta kuwa ba ta shiga hakkin kowa. Juya fuskarta wajen ƙarfen sabis mafi kusa, kana juyawa kaɗan-kaɗan wani yana karanto maka lambar, inda ta fi kyau sai a ɗaure.