Me ya hana launin shanun Nebamun koɗewa?

Tambaya: Na ga hoton wani tsohon zanen Masar, makiyaya sun koro shanu gaban wani babban mutum ana ƙirga su. An ce ya haura shekara 3,000. Yaya aka yi shi har launinsa bai koɗe ba?

Amsa: Zanen daga kabarin Nebamun yake, magatakarda mai lissafin hatsi a haikalin Amun, abin bautar Masarawan dā, da ke Karnak, wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ɓamɓaro shi daga bango wajen 1820, yanzu yana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan.

Dutsen da aka haƙa kabarin a ciki yana da saurin marmashewa, don haka sai a yaɓe bangon da laka haɗe da yankakkiyar ciyawa, a bi da siririn shafe na farar ƙasa. Sai ya bushe sarai ake fara aiki. A tsoma zare cikin jar ƙasa, a miƙe shi a fyaɗa a bango ya bar layi, a fitar da siffofi da jan launi, sannan a cike.

Sirrin yana cikin launukan, domin kusan dukkansu ma'adinai ne. Ja da rawaya daga ƙasa, baƙi daga kunkunniya, fari daga alli. Shuɗi kuwa haɗa shi ake yi: yashi, farar ƙasa, tagulla da kanwa, a gasa a zafin da ya kai digiri 850 zuwa 1,000, a niƙa. A kwaɓa kowanne da ruwan ƙaro. Idan aka niƙa shuɗin ya yi laushi da yawa sai ya dusashe, shi ya sa ake barinsa da tsakitsaki, kuma shi ke fara zubewa daga bango saboda ƙaro ba ya riƙe shi sosai. Duhun kabari da bushewar hamada suka ƙarasa sauran aikin.

Ka sake duban shanun da kyau. Mai zanen ya jera su jiki da jiki, amma ya saɓa launinsu, ja kusa da fari, fari kusa da mai dabbare-dabbare, don ido ya iya raba wannan da waccan. A ganina nan gwanintarsa ta fi fitowa.

Babban abokin gabar irin wannan zane danshi ne. Yana narka ƙaron, ya kumbura lakar, ya taso da gishiri ya tsattsage shafen. Filastar da aka ɗora gutsattsarin zanen Nebamun a kai a ƙarni na 19 ta yi musu wannan illar, har sai da masu gyara suka shafe shekaru a kansu kafin a sake baje su a 2009.