Me ya sa zinaren bishiyar larc ba ya fitowa a hoto?

Tambaya: Malam, ina karatu a Suwizalan. A watan Oktoba na je kwarin Engadin, na tarar bishiyoyin larc sun koma kamar an watsa musu zinare. Da na dawo na duba hotunan, sai na ga launin busasshiyar ciyawa kawai. Laifin kyamara ne ko nawa?

Amsa: Ɗan'uwa, kun yi tarayya a laifin, amma naka ya ɗan fi. Ina kyautata zaton ka bai wa rana baya ne, kamar yadda aka koya mana a hoton biki.

Larc 'yar dangin fayin ce, ganyenta siriri kamar allura, sai dai ita takan zubar da shi kafin hunturu. Idan kaka ta shigo, sinadarin da ke sa ganye kore yakan rushe, rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana. To wannan siririn ganye haske yana ratsa shi. In rana na bayanka, hasken ya faɗa a kan ganyen ne ya dawo, launin ya yi lami. Ka zagaya, bishiyar ta shiga tsakaninka da rana, ko ranar ta zo ta gefe. Nan za ka ga kowace allura ta kama kamar an kunna mata fitila. Idan kuma bayan bishiyar akwai dutsen da inuwa ta rufe, ya yi shuɗi-shuɗi, ko duhun koren bishiyoyin da ba sa zubar da ganye, to ka gama. Ni a wurina larc ɗaya tilo a gaban inuwa ta fi dukan tsauni da ya yi rawaya tas.

Laifin kyamara kuwa: in ka bar ta ta daidaita launi da kanta, tana ganin rawaya ya yi yawa sai ta sirka shi da shuɗi. Ka sa ta a saitin hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske, ka ɗauka a RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye, ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba. Ka kuma rage haske kaɗan, don rawaya mai ƙarfi saurin ƙonewa gare shi, ganyen ya haɗe ya zama dunƙule. Kada ka ce za ka gyara da ƙara launi a kwamfuta, manja zai koma.

Sai lokaci. A Engadin da tsaunukan Dolomites na Italiya abin yakan kai maƙura daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa, kuma na saman dutse ke riga na kwari juyawa. A Banff ta Kanada tun rabin ƙarshe na Satumba ne. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kaɗe ganyen, don haka baɗi kana jin sun nuna ka kama hanya. Ka isa bakin tafkin Sils da ke Engadin tun kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, lokacin ruwan na kwance.