Ba motsa baki kawai suke ba, ka ji daga wanda ya kalle su a silima

Ƙanena na ga tambayarka, wai su jaruman Indiya na da me suka iya ne ban da zagaye bishiya da motsa baki a waƙar da wani ya rera. Gaskiya maganar ta ɗan sosa min rai, don ni da su na tashi.

Eh haka ne, ba muryarsu ba ce. Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Mukesh da Kishore Kumar su suke rerawa, kuma ba a ɓoye ba, sunansu na nan a farkon fim. Amma ka gwada ka tsaya gaban kyamara ka ɗauki muryar wani, numfashinka ya faɗa daidai inda nasa ya faɗa, idonka ya kawo ruwa a kan baitin da ya kamata, har mai kallo ya mance mutum biyu ne, sai ka zo mu yi magana.

Mu lokacin da muke shiga silimar Plaza da Marhaba a Kano babu wata fassara irin ta yanzu, ba ma jin Indiyanci sai kalma ɗaya biyu da muka tsinta, amma wallahi ana fitowa za ka ji yaro yana ba da labarin fim tiryan-tiryan, wa aka zalunta, wa ya ci amana, me ya sa uwar ta yi fushi. A ina ya samo? A fuskarsu mana. Na ga magidanci da gemunsa yana share hawaye da hula a fim ɗin Mother India, ba ma sau ɗaya ba.

Kuma ka san Nargis, wadda ta fito a uwar, shekararta 28 kacal lokacin da fim ɗin ya fito a 1957? Sunil Dutt da ya fito a ɗanta sa'anta ne, shekara ɗaya aka haife su, amma ka kalli yadda take tafiya a tsufanta, ba za ka taɓa cewa ba ita ta goya shi ba. A wurin ɗauka wuta ta ritsa da ita, shi ya shiga ya fito da ita har ya ƙone, a 1958 suka yi aure. Fim ɗin har takarar Oscar ya shiga.

Ta Madhubala ce ma ta fi tsaya min. Da ciwon zuciya aka haife ta, a haka ta yi fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, sarƙoƙin da ke jikinta a kurkuku ƙarfe ne na gaske mai nauyi, ba na roba ba. Ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Shi kuwa Dilip Kumar, wato Yusuf Khan, saboda yawan shiga rol na baƙin ciki irin Devdas sai da ya ga likitan ƙwaƙwalwa, aka ce ya ɗan koma na barkwanci ya huta. Wannan ne za a ce bai iya aktin ba?

Ban ce duk fim ɗin zamanin da yana da kyau ba fa, akwai na shirme da yawa, mu ma mun sha fita kafin a tashi. Amma don Allah ka nemi Mughal-e-Azam, wanda ba a fassara ba, ka je wurin da Dilip Kumar ke shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, babu wanda ya ce uffan a cikinsu. Ka kalla sai ka dawo ka faɗa min.